Tsoffin Kwamfutoci a Kan Intanet ɗin Yau: Inda Gizo Ke Saƙar

A ranar 12 ga Agustan 1981 kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta kan tebur, wadda yawancin kwamfutocin ofis na yau jikokinta ne. Wata guda bayan haka, cikin Satumba, aka wallafa wasu takardu biyu a Amurka masu lamba RFC 791 da RFC 793, waɗanda suka shimfiɗa ƙa'idar da na'urori za su riƙa bi wajen aika wa juna bayanai, wato IP da TCP. Sama da shekara 40 ke nan. Amma idan yau aka samu waccan kwamfutar da ranta, aka saka mata katin sadarwa, za ta iya karɓar adireshi daga rautar gidanka, ta aika saƙon gwaji zuwa uwar garken da ke wata nahiya, kuma amsa ta dawo mata. Babu wani siddabaru a ciki. Tushen ƙa'idar ne bai gusa ba.

Akwai mutane da dama, musamman a Amurka da Turai da Ostireliya da Japan, da suka mayar da wannan aiki abin sha'awarsu. Su nemo Commodore 64 ko Apple II ko tsohuwar Macintosh ko PC mai furosesar 386 daga ɗakin shirgi, su farfaɗo da ita, su yi ta fama har sai ta yi magana da duniya. Wanda ke kallo daga waje zai ɗauka babbar matsalarsu ita ce rashin saurin na'urar, ko kuwa rashin kebul ɗin da zai shiga bayanta. Waɗannan duk an daɗe da samo musu magani. Katangar gaske tana can sama, a wurin da intanet ya rufe ƙofofinsa da makullin da tsohuwar na'ura ba ta da mabuɗinsa. Kuma a nan ne ma'abota harkar suke rabuwa gida biyu a kan wata tambaya da ni ma nake da ra'ayi a kanta: wane kaso na aikin ya halatta a ɗauke wa tsohuwar na'urar kafin a ce ba ita ce ke kan intanet ɗin ba?

Kafin a kai ga nan sai na'urar ta tashi tukuna, kuma wannan ma yaƙi ne. Batiran da aka liƙa a kan allon yawancin 386 da 486 suna yoyo idan sun tsufa, ruwansu ya bi siraran layukan tagulla ya cinye. Wasu kafasitoci da ke cikin akwatin wuta suna tsagewa su turnuƙe ɗaki da hayaƙi. Tsohon tiransifoman Commodore 64 yakan zarce folt 5 da ya kamata ya bayar ya ƙone ƙwaƙwalwar na'urar, shi ya sa masana ke hana a jona ta da shi kafin a auna. Ga mu nan kuma da ƙarin wani haɗari: kayan da suka fito daga Amurka an yi su ne don wutar folt 120, tamu a Najeriya da Nijar kuwa ta kai 220 zuwa 230. A bayan tsoffin akwatunan wuta akwai wani ɗan jan makunni mai rubutun 115 da 230. Wanda ya jona bai duba shi ba, ƙara ɗaya zai ji, magana ta ƙare.

To ta tashi. Ta ina za a shigar da intanet?

Ƙofar da kusan kowace tsohuwar na'ura take da ita ita ce wadda ake kira RS-232, ƙa'idar da aka kafa tun 1960, wadda ke tura bayanai bit ɗaya bayan ɗaya a kan waya guda. Ta nan ake jona modem a da. A 1981 kamfanin Hayes na birnin Atlanta ya fito da wani modem da ake ba shi umarni da rubutu. Ka rubuta AT ya amsa da OK. Ka rubuta ATDT da lambar waya ya buga, in an ɗauka ya rubuta CONNECT, in layi ya katse ya rubuta NO CARRIER. Sauran kamfanoni duk suka kwaikwayi wannan tsari, har ya zama kowace manhajar sadarwa ta wancan zamani ta iya shi. Abin da ake bugawa kuwa galibi allunan saƙo ne da ake kira BBS, wato kwamfutar wani mutum a gidansa da ya bari a kunne don jama'a su shigo su bar saƙo ko su ɗebi fayil. Ward Christensen da Randy Suess ne suka buɗe na farko a Chicago ranar 16 ga Fabrairun 1978, bayan dusar ƙanƙara ta tsare mutane a gida.

Layukan tarho na tagulla suna ƙarewa a duniya, kuma layin da ke bi ta intanet yakan matse sauti ya lalata kukan modem. Sai masu sha'awa suka ɓullo da dabara mai kyau ƙwarai. A 2014 kamfanin Espressif na Shanghai ya shigo kasuwa da wani ɗan guntu mai suna ESP8266, mai arha, mai kama Wi-Fi. Aka rubuta masa manhajoji, irin su Zimodem na Bo Zimmerman, da ke sa shi ya riƙa amsawa tamkar modem ɗin Hayes. Tsohuwar na'ura ta ce AT, ya ce OK. Ta ce ATDT, amma maimakon lambar waya sai a rubuta adireshin intanet na wani BBS da lambar ƙofarsa, yawanci 23. Guntun ya bi ta Wi-Fi ya ƙulla alaƙar, ya juyo ya ce CONNECT. Ita na'urar ba ta san komai ya canja ba, manhajar 1985 ce take gudu ba a taɓa mata ko harafi ba. Har yanzu akwai ɗaruruwan BBS da ake shiga ta haka.

Sai dai aikin ba ya tafiya sumul. Dole ɓangarorin biyu su daidaita a kan sauri da tsarin bit, wanda aka fi amfani da shi shi ne 8N1: bit ɗaya na buɗewa, 8 na bayani, ɗaya na rufewa, jimilla 10 ga kowane harafi. In saurin ya saɓa, tarkacen alamomi kawai za su cika fuskar kwamfutar. Akwai kuma batun ƙarfin wuta, domin RS-232 na gaskiya yana lilo ne tsakanin kusan folt 12 sama da sifili da 12 ƙasa da shi, shi kuwa ESP da folt 3.3 yake aiki, don haka sai an sa wani guntu irin MAX3232 a tsakani, in ba haka ba a soya shi. Sannan tsoffin PC masu guntun 8250 harafi ɗaya tak suke iya riƙewa a lokaci guda. In furosesa ta shagala na ƙiftawar ido, harafi na gaba ya hau kan na baya ya shafe shi. Guntun 16550A da ya zo daga baya yana riƙe 16, shi ya sa ake nemansa ruwa a jallo. Wani abin da ke rikita sabbin shiga kuma: hira tana tafiya lafiya lau, amma da an fara sauke fayil da ƙa'idar tura fayil ta ZMODEM sai ya yi ta karyewa. Dalili shi ne ƙa'idar telnet, wadda ake bi wajen shiga BBS ta intanet, ta keɓe lamba 255 a matsayin alamar umarni, to duk inda wannan lamba ta faɗo a cikin fayil sai a yi mata fahimtar da ba ita ba, sai an gyara saitin da ke kula da hakan.

A yi lissafi kaɗan. A saurin 9600, harafi 960 ne ke wucewa a daƙiƙa. Shafin intanet mai nauyin megabayit 2, wanda ba abin mamaki ba ne a yau, zai ci kusan minti 35. A saurin 2400, wanda shi ne abin da Commodore 64 ke iya ɗauka ba tare da an yi mata wata dabara ba, sai an haura awa 2. Ko da ya iso ma babu inda za a zuba shi, don ya ninka ƙwaƙwalwarta mai kilobayit 64 kusan sau 30.

A nan ne tambayar farko ke fara leƙowa. Furosesar Commodore 64 tana gudu ne a megahaz 1, ta ESP8266 kuwa 80. Duk aikin TCP da IP guntun ne ke yi, tsohuwar haruffa kawai take karɓa tana nunawa. Wanda wannan bai gamsar da shi ba sai ya koma ga SLIP ko PPP, inda ƙunshin IP ɗin kansa ke bi ta wayar, na'urar ta warware shi da ƙwaƙwalwarta. Adam Dunkels na Suwidin ya nuna a farkon shekarun 2000 cewa hakan mai yiwuwa ne ko a na'ura mai bit 8, da ya rubuta ƙananan manhajojin uIP da Contiki, har Commodore 64 ta buɗe shafukan intanet da kanta.

Hanya ta biyu ita ce Ethernet, kuma ita ta fi koyar da mutum. Robert Metcalfe ne ya tsara ta a cibiyar binciken Xerox a 1973. Katunan shekarun 1980 da farkon 1990 da yawansu ba su da ramin da muka saba gani yau. Abin da ke bayansu wani zagayayyen baki ne na ƙarfe da ake murɗa wa kebul irin na eriyar talabijin. Duk kwamfutocin ofis a kan kebul ɗaya suke jere, tsawonsa bai wuce mita 185 ba, kuma dole a toshe kowane ƙarshe da marufi mai om 50. Mutum ɗaya ya kwance kebul ɗin a tsakiya, ofis gaba ɗaya ya mutu. Mai irin wannan kati yau sai ya nemi tsohon hob, wato akwatin da ke haɗa kebul ɗin kwamfutoci, mai baki iri biyu, ko wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a ramin katin mai fil 15 ta mayar da shi na zamani.

Mu ɗauki 386 mai MS-DOS da katin NE2000, wanda kamfanin Novell ya yaɗa har kowa ya kwaikwaya. Kowane kati a cikin wannan na'ura yana buƙatar abu biyu: adireshin da furosesa za ta same shi, da kuma layin da shi zai bi ya ja hankalinta idan saƙo ya iso. Wannan layi shi ne IRQ, kuma 16 ne kacal, a kan na'urorin farko ma 8. Agogo ya riƙe 0, allon rubutu ya riƙe 1, ƙofar COM2 tana kan 3, COM1 tana kan 4, faifan fulofi 6, firinta 7, babban faifai 14, katin sauti kuma yakan zauna a 5 ko 7. Babu wata manhaja da za ta raba musu. Kai ne za ka zare katin, ka kai shi gaban haske, ka nemo jerin ƙananan filoli, ka ɗaga wata 'yar hular roba da ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba daga wannan layi ka ɗora a wancan. Katunan NE2000 da yawa a kan IRQ 3 suke fitowa. In linzaminka ko modem ɗinka yana kan COM2, sun haɗu a layi ɗaya ke nan, sai ka ga linzami ya daskare daidai lokacin da saƙo ya shigo.

Bayan nan sai direba. A 1987 kamfanin FTP Software ya fitar da wani tsari mai sauƙi na ƙaramin direba da ke tsayawa tsakanin kati da kowace manhaja, Russ Nelson kuma ya tattara irinsu masu yawa kyauta a ƙarƙashin sunan Crynwr. Layi ɗaya ake rubutawa: NE2000 0x60 10 0x300. Lambar farko ita ce inda manhajoji za su riƙa ƙwanƙwasa wa direban, ta biyu IRQ, ta uku adireshin katin. In adireshin ne ba daidai ba abin da sauƙi, domin direban zai ƙi hawa ko ya nuna lambar katin a birkice. Wanda ke cinye daren mutum shi ne kuskuren IRQ. Direba zai hau lafiya, ya nuna lambar katin daidai, fitilar siwic ta kama, saƙo ma yana fita. Amma amsa ba ta zuwa. A gaskiya ta zo, tana cikin katin, katin yana ta kira a layi na 3 alhali direban ya kasa kunne a na 10. Duk wanda ya taɓa warware wannan da hannunsa ya fahimci abin da littattafai ke nufi da katse furosesa, fahimtar da ba ta gogewa.

DOS ba ta da TCP/IP nata. Abin da ya fi karɓuwa yanzu shi ne mTCP na Michael Brutman, wanda aka rubuta da gangan don ya gudu ko a kan 8088 mai megahaz 4.77. Ka buɗe ɗan fayil ka rubuta PACKETINT 0x60, ka kira DHCP, shi kuma ya tambayi rauta ya dawo ya rubuta adireshinka da na ƙofar fita da na mai fassara sunaye a cikin fayil ɗin, inda za ka iya buɗewa ka karanta da idonka. Kowace manhaja a cikinsa tana ɗauke da nata TCP/IP, da ta rufe sai ƙwaƙwalwa ta koma fili, abin da ke da muhimmanci a inda komai ke cunkushe cikin kilobayit 640. Masu Windows 3.1 kuwa har yanzu Trumpet Winsock suke ɗorawa, wanda Peter Tattam ya rubuta a tsibirin Tasmaniya, wanda kuma ta kansa ne ɗimbin mutane suka fara shiga intanet kafin Windows 95 ta zo da nata.

Da an kai nan, abubuwa da yawa suna aiki kai tsaye. Telnet yana yi, FTP na tura fayil yana yi, IRC na hira, na 1988, yana yi a inda ba a tilasta ɓoye bayanai ba, ana saita agogo daga intanet. Gopher da jami'ar Minnesota ta fitar a 1991, wanda jerin rubutu ne zalla, yana nan da ransa, kuma Cameron Kaiser yana riƙe da ɗaya daga cikin manyan uwayen garkensa mai suna Floodgap. Amma ka buɗe Netscape ko tsohon Internet Explorer ka nufi kowane shafin da ka sani, sai ka ci karo da bango.

Bangon shi ne ɓoye bayanai. Netscape ne ya kawo SSL a 1995 don a iya ciniki da kati. SSL 3.0 ya biyo a 1996, magajinsa TLS 1.0 a 1999, 1.2 a 2008, 1.3 a 2018. Shekaru da yawa shafukan banki da na ciniki ne kawai ke amfani da shi, saura a buɗe suke. Sai abubuwa suka taru. A Oktoban 2014 masu bincike na Google suka bayyana wata ɓaraka a SSL 3.0 da aka sa wa suna POODLE, aka yi watsi da shi. A ƙarshen 2015 Let's Encrypt ta fara raba takardun shaidar shafi kyauta, wanda hakan ya kawar da uzurin tsada. A Yulin 2018 Chrome ya fara yi wa duk shafin da ba a kulle ba tambarin rashin tsaro. A 2020 manyan burauzoji suka daina karɓar TLS 1.0 da 1.1. Cikin 'yan shekaru kusan ko'ina ya kulle, har shafukan da ba su da wani sirri.

Tsohuwar na'ura tana faɗuwa a nan ta fuska fiye da ɗaya. Ba ta san sabbin hanyoyin lissafin ba, don haka gaisuwar farko ma ba ta kammaluwa. Ko ta sani, jerin hukumomin shaida da ta amince da su duk wa'adinsu ya ƙare. An ga misalin haka ƙarara ranar 30 ga Satumban 2021, lokacin da tsohuwar takardar tushe da Let's Encrypt ta dogara da ita ta ƙare, na'urori da yawa da ba su ma tsufa sosai ba suka daina buɗe shafuka. In batirin agogo ya mutu kuwa, DOS za ta tashi tana ganin ana 1 ga Janairun 1980, kowace takardar shaida ta zama wadda lokacinta bai yi ba. Internet Explorer a kan Windows XP ba ya faɗin sunan shafin da yake nema tun a gaisuwar farko, alhali uwar garke ɗaya yau tana ɗauke da dubban shafuka a kan adireshi guda. Sannan ga nauyin lissafin kansa. Kaiser ɗin nan ya rubuta Crypto Ancienne don kawo TLS na zamani ga tsoffin na'urori, kuma yana aiki, amma a kan furosesa mai rauni sosai lissafin mabuɗin yakan ja lokaci har uwar garken ta gaji da jira ta katse.

Ba na cikin masu zagin wannan kulle. Mutumin da ke tura kuɗi ta waya a kasuwar Kwari ko ta Maraɗi shi ne ya fi kowa amfana da shi, kuma da a ce an bar ƙofofi a buɗe don jin daɗin masu tsoffin kwamfutoci da an yi babban zalunci. Abin da ake buƙata tafinta ne, irin wanda ke zama tsakanin dattijo da baƙon da ba su jin harshen juna. Yawanci 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ake ajiyewa a gefe ta yi wannan aiki. Amma tafinta iri-iri ne. Akwai wanda kulle kawai yake cirewa ya miƙa shafin yadda yake, kamar stunnel. Akwai wanda ke tace shafin, ya zubar da JavaScript da manyan hotuna, ya bar rubutu da rariyoyi, kamar shafin bincike na FrogFind. Akwai kuma WRP na Antoni Sawicki, wanda ke buɗe shafin a cikin Chrome na zamani, ya ɗauki hotonsa, ya aika wa tsohuwar na'urar hoton. Ka latsa wani wuri a hoton, ya latsa maka a can, ya sake aiko sabon hoto.

Na ƙarshen nan yana burge 'yan kallo, domin za ka ga shafin yau ɗoɗar a kan na'urar 1992. A ganina kuwa shi ne mafi ƙarancin armashi. Na'urar ba ta karanta shafin ba, ba ta tsara shi ba, ba ta san ma shafi ba ne. Ban ce kada a yi ba, wani lokaci ana buƙatar sauko da direba daga shafin da ba ya buɗuwa ta wata hanya. Amma abin da ya sa waɗannan na'urori suka cancanci wahalar shi ne su ne na ƙarshe da mutum ɗaya zai iya bin saƙo tun daga wutar da ke kan waya, zuwa kati, zuwa IRQ, zuwa direba, zuwa harafin da ya bayyana a gabansa, ba tare da wani sashe ya ɓuya masa ba. Duk aikin da aka ɗauke mata aka ba tafinta, an rage wannan ne. Shi ya sa na fi ganin ƙimar mai 8088 da ke yawo a Gopher da ƙafafunta a kan mai 486 da ke nuna hotunan Chrome. Kuma shi ya sa nake jin ciwo idan na ga irin waɗannan na'urori a hannun 'yan gwangwan ana fasa su don tagulla, alhali ɗalibin da ke haddace matakan sadarwa a takarda zai iya ganinsu a fili a kan guda ɗaya.

Akwai haɗari, kuma ba daidai yake ga kowace na'ura ba. DOS mai mTCP ba ta sauraron kowa idan ba manhaja ce ke gudu ba, ko saƙon gwaji ba ta amsawa. Masu hatsarin su ne na tsakiya, Windows 2000 da XP, waɗanda ke da ƙofofi a buɗe kuma an san ɓarakarsu sarai. Tsutsar Blaster ta Agustan 2003 ba ta jiran ka latsa komai, kasancewa a kan layi kawai ya isa. Microsoft ya daina tallafa wa XP ranar 8 ga Afrilun 2014. Sai kuma batun raba fayil: tsoffin Windows tsohuwar ƙa'idar SMB1 kaɗai suka iya, ita ce kuma tsutsar WannaCry ta bi a Mayun 2017 ta durƙusar da asibitoci a Ingila. Samba, manhajar da ke raba fayil da Windows, ta kashe ta a saitinta na asali tun 2019. Mai son Windows 98 ta ga fayilolinsa sai ya sake kunna ta, kuma kuskure ne babba ya yi hakan a kan ma'ajiyar gidan gaba ɗaya. Masu hankali suna ware wa tsoffin na'urori nasu layin daban, su ba su FTP ko wata 'yar uwar garke tasu su kaɗai. Telnet da FTP kuma tsirara suke aika kalmar sirri, tafintan da ke cire kulle ma yana ganin komai, don haka ba a shiga banki ko imel na gaske ta nan.

Wasu ma ba ruwansu da TCP/IP. Masu na'urorin kamfanin DEC, wato PDP-11 da VAX, suna da tasu duniyar mai suna HECnet, wadda Johnny Billquist na Suwidin ya assasa, inda ake magana da DECnet kamar yadda ake yi a jami'o'i da ɗakunan bincike a shekarun 1980, wasu da ƙarfen gaske, wasu da kwaikwayonsa a manhajar SIMH. DECnet yana da wata ɗabi'a: yakan canja lambar katin sadarwa ya mayar da ita wadda ta fara da AA-00-04-00, ya ƙarasa da lambar na'urar. A kan kebul babu damuwa, amma Wi-Fi ba ya son haka, kuma nan ne sababbi ke yawan maƙalewa. Masu Macintosh suna da AppleTalk na 1985, mai saurin kilobit 230.4, wanda tun a lokacin na'urori ke gano juna da kansu ba tare da an rubuta adireshi ba. Apple ya cire shi a 2009, amma manhajar Netatalk ta riƙe shi, kuma a Maris ɗin 2024 masu sha'awa suka haɗa gidajensu ta intanet a wani shiri da suka kira GlobalTalk, har wani a wata ƙasa ya riƙa aika zane ya fito a tsohuwar firintar wani. FidoNet da Tom Jennings ya fara a 1984, wanda BBS ke kiran juna da dare su miƙa wasiƙu, shi ma bai mutu ba. Shi kam yana da tarihi da mu: a da shiyya ta 5 a tsarinsa ta Afirka ce, kuma a farkon shekarun 1990 ƙungiyoyi da yawa a nahiyar ta kansa suke samun imel, ta hannun GreenNet da ke Landan, domin an gina shi ne don layin tarho mai tsada da yawan yankewa.

Abin da ke tafe ya fi damuna da abin da ya wuce. Tsoffin katuna megabit 10 suke yi, kuma ba su iya aikawa da karɓa a lokaci guda ba. Wasu sabbin siwic masu gudun gaske sun daina saukowa zuwa wannan mataki, ka jona fitila ta ƙi kamawa, sai ka sa wani tsohon siwic a tsakani. ESP8266 zangon gigahaz 2.4 kaɗai yake ji. Babbar kuwa ita ce adireshi. Rumbun adireshin IPv4 na duniya ya ƙare tun Fabrairun 2011, ana ta ƙaura zuwa IPv6 sannu a hankali, kuma MacTCP na tsoffin Macintosh da Trumpet Winsock na Windows 3.1 da ire-irensu ba su san da shi ba. A cikin gida ana iya ci gaba da ba su tsohon adireshi, rauta ta riƙa juyawa. Amma uwar garken da IPv6 kaɗai take da shi ba za su same ta ba sai ta hannun wani mai shiga tsakani, kuma a wannan karon ba kulle kawai zai cire ba, ƙunshin IP ɗin kansa zai sake rubutawa.